Jinjina ga Gidan Mambayya

A Gwammaja, cikin birnin Kano, gidan da Malam Aminu Kano ya zauna har rasuwarsa a 1983, wato Gidan Mambayya, yanzu cibiya ce ta Jami'ar Bayero, inda ake nazarin dimokuraɗiyya da horar da shugabanni. Farfesa Attahiru Jega ya taɓa riƙe ta kafin ya shugabanci hukumar zaɓe a 2010.

Ɗakin taro kam ko'ina akwai shi. Abin da ya bambanta Mambayya shi ne mahalarci yakan leƙa ɗakin Malam, ya ga 'yan kayan jagoran jam'iyyun NEPU da PRP, ga kuma kabarinsa nan cikin gidan. Da wuya ɗan siyasa ya fito daga nan bai tambayi kansa me ya tara ba, kuma da guminsa ne ko da haƙƙin talakawa.

Sannan ga zumunci. Matashi da dattijo, malamin addini da 'yar ƙungiyar mata, sukan zauna teburi guda, su yi musu, su ci abinci tare, su karɓi lambar juna. Ma'aikatan da ke haɗa waɗannan zama, sannunku da ƙoƙari.