Katin Gold na kamfanonin jirgi: a ɗora shi a sikeli tukuna

Kwanakin baya, a majalisarmu ta bayan sallar isha'i, wani Alhaji daga cikin masu zuwa Chana sarin kaya ya zaro wani kati daga aljihu, aka yi ta zagayawa da shi hannu-hannu. Ruwan zinariya ne, ga sunansa a jiki. Ya ce shi yanzu ya daina bin layi a filin jirgi, kuma in ya sauka Adis Ababa wani falo yake shiga ya ci ya sha kyauta har a kira jirgi. Kafin a watse mutum uku sun ce su ma sai sun mallaki nasu. Ɗaya daga cikinsu Umara kaɗai yake zuwa, ita ma sai da azumi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba wannan harka da idon ɗan kasuwa, tunda yau daga Limawa zuwa Kwangila da Unguwar Daji da wuya ka bi layi ba ka samu mai hawa jirgi ba, ko don fatauci ko don ibada.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Gyara ce. Mai hatsi a Kasuwar Kure in ya ga kullum wurinsa kike awo, Hajiya, sai ya ƙara miki tafi ɗaya don kada gobe ki wuce rumfar maƙwabcinsa. Haka kamfanin American Airlines ya yi a 1981 da ya ɓullo da tsarin AAdvantage, sauran kamfanoni suka bi sahu. Bambancin shi ne, mai hatsi a nan take yake ba ki gyararki. Kamfanin jirgi kuwa rubuta miki yake a littafi, littafin yana hannunsa, mudun ma nasa ne.

Abu na farko da ke ruɗa mutanenmu: mil iri biyu ne. Akwai mil na kashewa, wanda kake tarawa ka karɓi tikitin kyauta, ko da yake harajin tikitin kai za ka biya. Akwai kuma mil na matsayi, wanda da shi ake hawa daga katin farko zuwa Silver, daga nan zuwa Gold. Shi wannan na biyun wa'adi gare shi, galibi wata 12. In wa'adin ya cika ba ka cika mudu ba, lissafi ya koma baya. Saboda haka wanda ya ce maka "ai ina da mil dubu sittin" bai gaya maka komai ba tukuna, sai ka tambaye shi wanne, kuma cikin shekara nawa ya tara.

Abu na biyu, manyan kamfanonin nan ƙungiya-ƙungiya suke. Akwai Star Alliance da aka kafa a 1997, da Oneworld a 1999, da SkyTeam a 2000. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin jiragen Habasha da Masar da Turkiyya, wato Ethiopian da EgyptAir da Turkish, duk 'yan Star Alliance ne, kuma duka ukun suna tashi daga Abuja. Qatar Airways yana Oneworld tare da British Airways. Saudia yana SkyTeam tare da Air France. Emirates ba ya cikin kowacce. Ma'ana, kati ɗaya ya ishe ka a kan jiragen nan uku na farko: ka hau na Masar ka ba da lambar katinka na Habasha, a zuba maka mil ɗin a can. Mun ga mutane da kati uku a jaka, kowanne da ɗan tsirarun mil, babu wanda ya kai ko'ina. Wannan raba jari ne a shago uku.

Mu a Minna hanyarmu ta waje ta Abuja take. Filin jirginmu na Maikunkele ya samu sabon suna a 2024, kuma Overland ya fara sauka a 2025, amma wanda zai fita ƙasar waje sai ya dangana da Abuja, ko ta sama ko ya sha gargadar hanyar Suleja. Babu kamfanin Nijeriya ko ɗaya da ke cikin waɗancan ƙungiyoyi uku, don haka katin Air Peace ko na Ibom Air ba zai buɗe maka ƙofa a Alƙahira ba. Saudia daga Kano ake hawansa, Emirates kuma daga Legas. Duk katin da sai ka ƙara tafiyar yini guda kafin ka iske jirginsa, ka cire kuɗin mota da masauki daga ribarsa tun kafin ka fara lissafi.

To yanzu ga lissafin. ShebaMiles na Habasha yana neman mil 50,000 a shekara kafin ya ba ka Gold. Miles&Smiles na Turkiyya yana neman 40,000 cikin wata 12 don matsayin Elite, wanda shi ne Gold a Star Alliance, kuma shi shekara biyu yake yi kafin a sabunta. Skywards na Emirates 50,000 ne. Privilege Club na Katar da maki yake awo, 300 don Gold. Daga Abuja zuwa Adis Ababa wajen mil 2,150 ne, daga can zuwa Jidda wajen 870. Zuwa da dawowa Umara ke nan ya kama kamar mil 6,000. Alhajinmu na Umarar azumi sai ya je sau tara a shekara ɗaya kafin ya taɓa Gold na Habasha. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Mai zuwa Gwanzu ya fi shi kusa. Daga Adis Ababa zuwa Gwanzu wajen mil 5,000 ne, zuwa da dawowa daga Abuja ya ɗan haura 14,000. Tafiya huɗu a shekara ta kai shi. Amma fa a kan sharaɗi: in tikitinsa na cikakken mil ne. A nan ne abin yake. Kujerun baya duk iri ɗaya ne a ido, amma a kwamfutar kamfani kowane tikiti yana da harafinsa, kuma harafin ne ke faɗin abin da za a rubuta maka. Tikitin araha na iya ba ka rabi, ko kwata, wani ma ba ya ba da komai. Mu kuwa kowa ya san abin da muke ce wa ejan: "Nemo min mafi sauƙi." In rabi ake ba ka, tafiya huɗun nan ta koma bakwai ko takwas.

Sai kuma abin da ke faruwa a ofishin ejan. Wata Hajiya mai kawo atamfa da mayafai ta yi shekara tana hawa jirgi ɗaya, tana jiran katinta ya canza launi. Da ɗanta ya duba mata a waya sai ga shi babu tafiya ko ɗaya da aka rubuta, domin ejan ɗin bai taɓa sa lambarta a tikiti ba, ita kuma ba ta san ana nunawa a wurin awon kaya ba. Wani kuma Muhammad ne a kati, Mohammed a fasfo, kwamfuta ta ƙi haɗa su. Ana iya neman a mayar da mil ɗin da aka rasa, amma cikin 'yan watanni kawai, kuma sai da tikitin da guntuwar takardar shiga jirgi, wadda yawancinmu muke yarwa tun kafin mu fita daga filin. Kujerar Hajji ta hukumar alhazai kuwa jirgin shata ne, kada a sa rai da mil a cikinsa. Sai dai mai tafiya ta jirgin yawo.

A ce an sha wannan wahala an samu Gold ɗin. Me ke ciki? Layi na daban wurin awo, shiga jirgi da wuri, kayanka su riga fitowa, falon hutu kai da baƙo ɗaya, da ƙarin kaya: akwati guda, ko kilo 20 inda ake lissafi da nauyi. Ba mu raina falon ba. Duk wanda ya taɓa kwana a kan benci yana jiran jirgin asuba, ko ya yi tafiya da tsohuwa mai ciwon ƙafa, ya san darajar wurin zama da banɗaki mai tsabta. Amma a cikin jerin nan abu ɗaya ne tak yake komawa kuɗi a aljihun ɗan kasuwa, shi ne akwatin nan na uku. Yawancin jiragen da muke hawa akwati biyu masu kilo 23 suke bayarwa. Gold ya mayar da su uku. To sai ka tambayi kanka: nawa zan biya in na sayi wannan akwati da kuɗina, ko na tura kayan ta kago? Ka ninka da yawan tafiyarka a shekara. Abin da ya fito shi ne ainihin farashin katin. Silver kuwa, ban da ɗan abin da kamfanin da ya ba ka shi zai yi maka a jirginsa, a sauran jiragen Star Alliance kusan ba ya tsinana komai sai fifiko a jerin masu jiran kujera.

Babban aibin tsarin shi ne yadda yake juya tunanin mutum. Da can kai ne kake zaɓen jirgi. Da ka shiga neman matsayi sai kati ya koma shi ke zaɓar maka. Ga tikiti mai sauƙi a wani kamfani, amma sai ka sayi mai tsada don kada mil ya tsere. Shekara ta zo ƙarshe saura mil 5,000, sai ka ƙirƙiro tafiyar da ba ta da dalili. Dama don haka aka yi shi, ba sadaka kamfani yake rabawa ba. Kuma mai mudu yana iya canza mudunsa ranar da ya ga dama. British Airways, wanda ke tashi daga Abuja zuwa Landan, tun Afrilun 2025 ya koma auna matsayi da yawan kuɗin da ka kashe maimakon nisan da ka yi, masu tikitin araha da yawa suka ga matsayin ya yi musu nisa. Emirates ya dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗinsa da suka maƙale a ƙasar, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoba 2024. Waɗanda suka zuba duk tafiyarsu ta Dubai a katinsa sun yi kusan shekara biyu suna kallonsa a walat.

Akwai wata magana da ba a cika yi ba, kuma ita ta fi damun mu. Da yawa daga cikin masu tafiyar nan ba da kuɗinsu kaɗai suke tafiya ba. Akwai jarin abokin haɗin gwiwa, akwai sautun matan unguwa, akwai maigida da ya tura yaronsa. Mil kuwa ga wanda ya hau jirgi yake zuwa, ba ga wanda ya biya ba. In ka sayi tikiti mai tsada da kuɗin haɗaka don katinka ya haura, sannan ka sa shi cikin kuɗin ɗawainiya aka raba da kowa, wa ya biya maka falon nan? Wannan ba sai an je wurin malam ba. Gyara mai sauƙi ce: a faɗa wa abokan harka, ko mai kati ya cika bambancin daga aljihunsa, ko kuwa ƙarin akwatin ya zama na kowa.

Ga inda muka tsaya. Mai Umara sau ɗaya ko biyu a shekara ya yi rajista, tunda kyauta ce, ya bar mil na kashewa su taru, amma ya cire Gold daga ransa, ya sayi tikitin da ya fi masa sauƙi da lokacin da ya dace da shi. Mai zuwa Chana ko Dubai ko Alƙahira sau huɗu zuwa sama daga Abuja, kati ɗaya na Star Alliance ya fi masa, domin jirage uku yake buɗe masa, in ɗaya ya yi tsada ya koma ɗayan ba tare da asarar lissafi ba. Tsakanin na Habasha da na Turkiyya, na Turkiyya ya fi sauƙin kaiwa, na Habasha kuma ya fi dacewa da wanda kusan kullum ta Adis Ababa yake bi. Na Katar sai ga wanda ya riga ya san ta Doha hanyarsa take. Kowanne ka ɗauka, kafin ka biya ejan ka tambaye shi harafin tikitin da kashi nawa yake bayarwa, ka tabbata lambarka ta fito a takardar shiga jirgi, kuma sunan ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi.

Shi Alhajin da ya kawo katin majalisa, da muka zauna da shi da biro, nasa ya fitar da shi: tafiya shida yake yi a shekara, kuma akwatin na uku ba ya dawowa fanko. Sauran ukun kuwa daidai ruwa daidai tsaki ya fi musu. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, Ya sa albarka a nema.