Hannun da Ya Dawo da Tulun Caddo

A garin Anadarko na jihar Oklahoma a Amurka, akwai mutum-mutumin tagulla na José María, shugaban da ya jagoranci wani reshe na ƙabilar Caddo lokacin da aka tashe su daga Teksas a 1859. Ya cancanci wannan karramawa. Sai dai kakanninsa suna da tasu hanyar girmama manya: idan babba ya rasu, akan binne shi tare da tuluna da kwanukan yumɓu mafi kyau da hannun maginiya ya fitar.

Duk wanda ya ga irin wannan tulu zai san dalili. Maginiya takan kwaɓa yumɓu da garin tsingaro, ko na ƙashi, ko na ɓawon kumbar kogi, don kada ya tsage a wuta. Ba ta da injin juyi. Murza yumɓun take kamar igiya, ta naɗa zagaye bisa zagaye, tana lailayewa da yatsu har bangon ya yi siriri, wuyan ya miƙe sambal. Kafin ya gama bushewa sai ta ɗauki ɗan dutse mai santsi ta yi ta goga, har tulun ya riƙa sheƙi ba tare da an shafa masa komai ba. Daga nan sai gashi da wutar itace a fili, inda hayaƙi ke ba shi launin baƙi ko ruwan ƙasa.

Gwaninta ta gaske tana zuwa bayan gashi. A kan tulun da ya riga ya taurare ake zane da tsinin dutse ko ƙashi, layi na bin layi, murɗe-murɗe suna zagayawa su haɗu daidai inda suka faro. Hannu ya kuskure, ba gyara. A ƙarshe a cusa jar ƙasa ko fara cikin zanen, sai ya fito raɗau.

Kora da rasa ƙasar gado sun sa sana'ar ta ɓace daga hannun Caddo. A 1991 wata malamar lissafi 'yar ƙabilar, Jeri Redcorn, ta ga tukwanen kakanninta a gidan tarihi na garin Idabel, ta ƙudurta sai ta koya. Ba uwa ko kaka da za ta nuna mata. Ta yi ta nazarin tsofaffin tukwane, tana gwadawa tulun yana fashewa tana sakewa, har hannu ya faɗa. A 2009 tulunta ya samu wuri a ofishin Shugaba Obama, kuma ta koya wa wasu.

Tagulla ta adana wa Caddo sunan shugabansu. Ita kuwa wannan baiwar Allah ta mayar musu da abin da ake karrama shugabanni da shi tun asali, kuma yau ga shi a hannun jikokinsu.