Khal ɗin Modena da Masu Gaggawar Tsufa

Tun ranar da wani aminina ya komo daga Italiya da wata 'yar kwalbar khal mai cikin tulu, wadda ba ta ɗauki abin da ya wuce mililita 100 ba, ya ɗiga mini ɗigo uku a cokali, na lasa, zaƙi da tsami suka haɗu a harshena ba wanda ya danne ɗan'uwansa, ƙamshin itace kuma ya biyo baya ya daɗe bai gushe ba, to, tun daga ranar nan ban ƙara wuce kantin da ya jera baƙaƙen kwalaben nan da ake kira balsamik ba face raina ya ɓaci.

Kun san ni da zancen khal, ba yau na fara ba. Kun kuma san fukaha'u sun yi ittifaƙi a kan cewa ruwan inabin da ya rikiɗe da kansa ya zama khal ya tsarkaka, saboda haka ba giyar da Turawa ke alfahari da daɗewarta nake nufi ba, ko da yake kurangar inabi ɗaya ce ta haife su. Mutanen Modena da na Reggio Emilia a Italiya sukan matse inabin Trebbiano da Lambrusco, su dafa ruwan a buɗaɗɗiyar tukunya har ya yi kauri, sa'an nan su zuba shi cikin jerin gangunan katako, daga babba zuwa ƙarama, kowace da irin itacenta, su ajiye su can ƙarƙashin rufin bene inda zafin bazara da sanyin hunturu za su yi ta juya shi, bakin kowace ganga kuwa ba a toshe shi, ƙyalle kawai ake shimfiɗa masa domin ruwan ya riƙa tafiya da iska sannu a hankali. Sau ɗaya a shekara ake ɗiban kaɗan daga ƙaramar, a cika ta daga mai bi mata, ita ma a cika ta daga ta gaba. Ba a sayar da shi sai ya shekara 12, mafificinsa kuwa sai 25, kuma sai majalisar maɗanɗana ta shaida ingancinsa tukuna. Har an san gidajen da kan soma jerin ganguna ranar da aka haifi 'ya mace, ta tafi da su ɗakin miji cikin kayanta.

To, ina wannan, ina abin da ya cika kantuna? Khal ne na yau da kullum aka gauraya da dafaffen ruwan inabi, aka ƙara ƙonannen sukari domin launi ya yi duhu, aka bar shi kwana 60 a katako, sa'an nan aka naɗa masa rawanin dattawa! Kwana 60, jama'a, ko ɗan akuya ba a yaye shi da kyau ba. Ga kakin hatimi a murfi, ga ruwan zinariya a takarda, ga hoton tsohuwar ganga, duk domin mai saye ya zaci shekaru ne ya biya.

Gaskiya dai, dokar Tarayyar Turai ta 2009 ta halatta wannan, yana da araha, kuma ba laifi a kwaɗon ganye. Ni ma akwai shi a madafata.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sabon yayin nan na mai kauri kamar maɗi, wanda masu dafa abinci ke zana wa faranti ado da shi, alhali kaurin nasa da sitaci aka ɗaure shi, ba shekarun da ruwa ya yi yana ƙafewa a ƙarƙashin rufi ne suka kawo shi ba. Yaron da ya tashi da wannan a bakinsa zai ɗauka ma'anar balsamik ita ce zaƙi da danƙo, ranar da aka ba shi na hakika kuwa sai ya ce bai ji komai ba, ya nemi a ƙaro masa cokali biyu. Na ga haka da idona a gidan aminin nan nawa, ɗansa ya karɓi kwalbar shekara 25 zai tuttula ta a kan soyayyen dankali, sai da uban ya riƙe masa hannu.