Bakandamiyar Shata a Hannun Masu Tace Rubutu

Duk wanda ya ɗauki aniyar rubuta maƙala a kan Bakandamiyar Mamman Shata a Wikipedia ta Hausa, tun a layin farko zai yi karo da tambaya mai wuya: wace shekara aka yi waƙar? Kundin sani yana son shekara ɗaya da matani ɗaya. Shata kuwa ya yi ta rera Bakandamiya shekara da shekaru, a gidan rediyo, a dandali, a gaban manya, kuma da wuya ta yau ta zo daidai da ta jiya. Gindin yana nan a bakin 'yan amshi, amma ɗiyan waƙar sukan ƙaru ko su ragu, gwargwadon waɗanda ke zaune a wurin da abin da ya taso wa mawaƙin a ranar.

Da maƙala ta fito, sai 'yan'uwa marubuta su bi ta jimla bayan jimla, kuma tambayarsu ba ta wuce ɗaya: ina madogara? An haifi Shata a Musawa a 1923, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a watan Yunin 1999 aka binne shi a Daura. Waɗannan suna wucewa salin-alin, domin suna cikin littattafai. Akwai kundin digirin Ɗandatti Abdulƙadir na Jami'ar Indiana a 1975, akwai Shata Ikon Allah na 2006, wanda Ibrahim Sheme ya jagoranci rubuta shi.

Inda gizo ke saƙa shi ne abin da ba a rubuta ba. Yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba shi da nisa da Funtuwa, garin da Shata ya yi zamansa. Har yau a can akwai dattawan da suka gan shi da idonsu, makaɗan kalangu na bayansa, waɗanda za su iya gaya maka wa yake nufi da wani habaici. Amma dokar kundin ta hana marubuci ya shigar da abin da ya jiyo da kunnensa, ko da daga bakin ganau ne. Sai wani ya riga ya buga shi. Shi ya sa aikin Dakta Aliyu Ibrahim Ƙanƙara, ɗaya daga cikin marubutan Shata Ikon Allah, wanda daga baya ya fitar da Mahadi Mai Dogon Zamani, yake da nauyi: ya mayar da zancen baka abin da mai bita zai iya buɗewa ya duba. Dokar tana da tsauri a kan al'ummar da tarihin waƙarta ke cikin ƙwaƙwalwar mutane, amma in ba don ita ba, da tatsuniyoyin da ake jingina wa Shata sun cika shafin.

Bayan mai bita sai mai gyaran rubutu. Rabin aikinsa share fage ne: mayar wa ƙ da ɗ da ɓ lanƙwasarsu, haɗa “ya kan” ta koma “yakan”, cire yabon da marubuci ya zuba don son zuciya. Nan ma akwai lura. Bakandamiya kirari ce, mawaƙi ne ke wasa kansa, don haka kurin ba a goge shi, sai dai a jingina shi ga mai shi. Sannan dole a bambanta ta da Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, tunda suna ɗaya, waƙa biyu.

Ɓarnar takan zo ne idan mai gyara ya cika himma. Bakatsine yakan ce “shina” inda Bakano zai ce “yana”, ya ce “tahi” a wurin “tafi”. Mai gyaran da ya haddace ƙa'idar Daidaitacciyar Hausa, in ya kai alƙalaminsa cikin baitin da aka kawo misali da shi, sai ya wanke wa mawaƙi bakin garinsu, ya sa masa maganar da bai faɗa ba. Ƙa'ida ta bayanin marubuci ce. Baitin kuwa a bar shi yadda ya fito daga faifai.

To, wane faifai? Masu sauraro da yawa a yau suna samun Shata ne a wurin masu tura waƙa a waya a kasuwa, an kwafo daga kaset, kaset ɗin ma daga wani, babu shekara, babu wurin da aka ɗauka. Maƙalar da ta yi adalci ita ce wadda ta faɗi cewa zubin waƙar ya fi ɗaya, ta kuma nuna wanda ta dogara da shi, na rediyon Kaduna ne, na faifan garmaho ne, ko na wani taro.