Uwa da Ɗiya a Littafin Bernardine Evaristo: Nazari daga Ɗan Barto

A 2019 aka buga ƙagaggen labarin Bernardine Evaristo mai suna *Girl, Woman, Other*, kuma a shekarar ya ci kyautar Booker tare da littafin Margaret Atwood. Marubuciyar haifaffiyar Landan ce, mahaifinta Bayarabe ne. Taurarin littafin goma sha biyu ne, amma biyu kaɗai za mu duba, wato Bummi da ɗiyarta Carole.

Bummi ta yi digirin lissafi a Jami'ar Ibadan, amma a Landan aikin shara da goge-goge ta samu. Da shi ta yi renon Carole har ta shiga Jami'ar Oxford, ta zama ma'aikaciyar banki. Ilmin da uwar ta yi wa wahala shi ne ya raba su: ɗiya ta sauya harshe, ta guji abincin gida, ta auri Bature. A nan marubuciyar ta yi rawar gani, domin ba ta ɗora wa ɗayansu laifi ba.

Wannan jigo ba baƙo ba ne a Ɗan Barto ta ƙasar Matameye, bisa hanyar Damagaram zuwa Daura. Iyakar da Ingila da Faransa suka daidaita a kanta a 1906 ta ratsa dangi ɗaya, wani yaro ya shiga lakwal, ɗan baffansa ya shiga firamare, ɗaya da Faransanci, ɗaya da Ingilishi. Sai dai su Hausa ta haɗa su idan sun koma gida. Bummi ba ta da wannan madogara, kuma nan ne raunin littafin a ganinmu: ana jin zafin uwar, amma harshenta na gado kusan ba ya fitowa, sai ɗan Ingilishin kasuwa. Gwada da *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934), inda uwa ta ƙetare Sahara neman ɗanta, kuma da Hausa aka ba da labarin.

Salon ma abin lura ne ga masu tsara yaƙi da jahilci. Evaristo kusan ta yi watsi da aya, jimlolinta na gangarowa kamar baitoci. Ƙwararren mai karatu zai ji daɗinsa, amma dattijon da ya soma haɗa baƙi jiya da aya yake numfashi. In za a juya babin Bummi zuwa Hausa domin ajin manya, dole a mayar masa da alamomin rubutu.