Hannun Maginiya

Randa mai kyau gumi take yi. Ruwa yana tsattsafowa ta ƙananan kafofin jikinta, iska ta busar da shi, zafin ya tafi, na cikin ya yi sanyi. Shi ya sa a tsakiyar bazarar Gusau, ko da wuta ko babu, ruwan randa bai taɓa ba mai gida kunya ba. Maginiya ce ta shirya wannan gumin tun daga kwaɓin ƙasa.

Daga yumɓu ake farawa, irin wanda ake haƙowa a fadamu da gefen gulbin Sakkwato da ya ratsa Gusau da Bunguɗu. A shanya shi, a daka, a jiƙa, a tattake da ƙafa. Yumɓu zalla ba ya jure wuta, tsagewa yake yi, don haka sai a zuba masa ƙaiƙayi ko garin fasassun tukwane. Nawa za a zuba? Babu mudu, babu sikeli. Tafin hannu ne ke cewa ya isa.

Ginin kansa shi ya fi burge ni. Maginiya takan kifa tsohuwar tukunya, ta barbaɗa mata toka don kada ya manne, ta ɗora curin yumɓu a kai tana bubbugawa har ya bi jikinta ya zama gindi. In ya sha iska sai ta cire, ta juyo shi, ta riƙa murza yumɓu dogo-dogo tana ɗorawa, hannu ɗaya a ciki yana tarewa, ɗaya a waje yana lailayawa. Ba injin juyi a nan. Ita ce ke zagaya tukunyar a duƙe, da jiƙaƙƙen tsumma tsakanin yatsu, har bakin ya fito da'ira sak. Kauri kuwa dole ya zo ɗaya ko'ina, in ba haka ba wuta za ta tona asiri.

A ƙauyen Bat Trang na kusa da Hanoi a ƙasar Biyetnam, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana gina kwanuka, sukan zana kifi da furanni da shuɗin launi, su lulluɓe da ruwan gilashi, su gasa a zafin da ya kai digiri 1,200. Kwanon ya toshe ruf, ɗigo ba ya ratsa shi. Abin sha'awa ne ƙwarai. Amma gwanintar tamu wata ce daban: sanin inda za a toshe da inda za a bari. Tukunyar miya ana shafa mata jar ƙasa, a goge da ƙwallayen kuka da aka shirya a zare har ta yi sheƙi, wasu kuma su yayyafa mata ruwan makuba tana fitowa daga wuta don ta daina tsotse ruwa. Randa da tulu sai a bar musu kafofinsu. Adonsu ma a jiki yake, a mirgina totuwar masara ko tufkakken zare a kafaɗa, ya ƙawata, ya kuma hana santsi a hannun mai ɗauka.

Sana'ar ba ta jiya ba ce a wannan ƙasa. Gumakan yumɓu da aka tono a yankin Kwatarkwashi, waɗanda 'yan fasa-ƙwauri suka kwashe da yawansu zuwa Turai, shaida ne. Ladi Kwali ma, wadda hotonta ke jikin naira 20, da irin wannan ginin hannu ta shiga makarantar tukwane ta Abuja a 1954.

Roba da alminiyam sun ci kasuwa, rashin tsaro ya sa shiga daji neman itacen gashi ya zama kasada. Duk da haka je ka kasuwar Tsafe ka ga yadda mai saye ke ƙwanƙwasa tukunya da ɗan yatsa: in ta yi ƙara garau, ta gasu, in ta yi dum, a ajiye ta. Masu waina da dama kuwa har yau ba su yarda da tandar ƙarfe ba, domin ta ƙasa ce ke riƙe zafi daidai, cikin waina ya nuna kafin bayanta ya ƙone.