Da Rana Ofis, Da Dare Gareji

Da asubahin 4 ga Yuni 1896 Henry Ford ya gama haɗa motarsa ta farko a wani ɗan ɗakin bulo da ke bayan gidan da yake haya a Detroit, sai ya tarar ta fi ƙofa faɗi. Gatari ya ɗauka ya rushe gefen ƙofar, aka turo ta waje. Wannan kowa ya sha ji. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a lokacin ba mota ce sana'ar Ford ba. Babban injiniya ne a kamfanin wutar lantarki na Edison, aikinsa kula da injinan da ke ba gari wuta. Albashin wurin ne ya sayi ƙarfen da tayoyin keke huɗun da motar ta tsaya a kansu, kuma bai ajiye aikin ba sai 1899.

Har yau haka abin yake tafiya. Wanda ya ji an ce wani ya ƙera mota a bayan gidansa zai ɗauka bakanike ne. Akwai su a ciki, amma bakaniken da ya wuni a ƙarƙashin motocin mutane ba kasafai yake marmarin sake riƙe sufana da daddare ba, kuma gyara daban, ƙira daban. A ƙungiyoyin masu wannan sha'awa a Ingila da Amurka za ka tarar da malamin makaranta, da mai aikin famfo, da likitan haƙori, da ma'aikacin kwamfuta, da tsohon soja mai cin fansho. Ni abin da ya fi burge ni shi ne, idan ka duƙa ka leƙa motar da kyau, sau da yawa za ka gane inda mai ita yake neman abinci.

Ingila ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita ce inda wannan ya fi fitowa fili. Sabuwar mota ta yi wuya, domin yawancin abin da masana'antu suka ƙera waje ake kaiwa don neman kuɗin shiga. Abin da talaka zai iya saye shi ne tsohuwar Austin 7, wata 'yar ƙaramar mota da aka daina yi a 1939. Samari sukan saye ta da araha, su yar da bodin, su gina abin da ransu yake so a kan sauran. Har ƙungiya gare su, 750 Motor Club, wadda ta samo sunanta daga girman injin motar. Ɗaya daga cikinsu shi ne Colin Chapman, ɗalibi mai karatun injiniyan gine-gine a University College da ke Landan. A 1948 ya juya wata Austin 7 ƙirar 1930 a garejin iyayen Hazel Williams, yarinyar da yake nema wadda daga baya ya aura. Ya ɗan taɓa aikin sojan sama, sannan ya kama aiki a kamfanin British Aluminium. Ko da aka kafa Lotus a 1952, a wata tsohuwar bargar dawaki da ke bayan otal ɗin mahaifinsa a Hornsey, Chapman bai bar ofis nan take ba. Da rana lissafin alminiyam, da yamma barga.

Ilimin gada da rufin gini shi ya kawo cikin mota. Motocin zamanin a kan manyan ƙarafa biyu masu nauyi suke zaune, kamar tsani a kwance. Chapman ya san abin da kowane mai zana gada ya sani: siririn bututun ƙarfe yana da ƙarfin gaske idan aka ja shi ko aka danne shi ta tsawonsa, amma da an dafa shi a tsakiya sai ya lanƙwashe. Dabarar ita ce a jera bututan yadda babu wanda nauyi zai zo masa ta gefe. Firam mai kusurwa huɗu ba ya iya wannan. Dubi ƙofar kwano wadda kafinta bai gitta mata katako ba, kwana kaɗan za ta saki ta fara jan ƙasa; a gitta mata guda ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ta zama alwatika biyu, sai ta tsaya cak. Haka Chapman ya cika ƙashin motarsa Mark VI da alwatika, ƙashin nan gaba ɗaya nauyinsa wajen kilo 25 ne, mutum ɗaya yana ɗaga shi. Amfanin bai tsaya ga rashin nauyi ba. Idan ƙashin mota yana murɗewa a kwana, sifirin da shokozoba ba za su yi aikinsu daidai ba, domin ƙashin ya shiga yi musu katsalandan.

Masu taya shi aikin dare da yawa daga kamfanin jiragen sama na de Havilland suke fitowa. Mike Costin yana cikinsu, shi ya jawo yayansa Frank, masanin yadda iska ke bi ta jikin jirgi, wanda ya zana bodin Lotus Mark VIII. Kamfanin de Havilland shi ya ƙera Mosquito, jirgin yaƙin da aka yi da katako, don haka ba abin mamaki ba ne da Frank ya haɗa kai da Jem Marsh a 1959 suka fito da motar Marcos, ƙashinta na filawud da gam. Eric Broadley kuwa mai ƙididdigar kayan gini ne, irin wanda ke lissafa buhunan siminti kafin a haƙa tushe. Da ɗan'uwansa Graham suka haɗa motar tsere a lokacin hutunsu, a 1958 ya kafa Lola, bayan 'yan shekaru kamfanin Ford ya neme shi don aikin motar tsere GT40. 'Yan'uwan nan huɗu na gidan Walklett, masu Ginetta, daga sana'ar ƙera kayan noma suka faro. A Kalifoniya, Bruce Meyers kwale-kwalen faiba yake yi, shi ya sa motar rairayin da ya fitar a 1964, Meyers Manx, bodinta kwami ne na faiba a kan kayan Volkswagen Beetle. Ko a nan gida an ga irin wannan jeri: Jerry Mallo, wanda ya nuna motarsa Bennie Purrie a 2019, injinan noma kamfaninsa ke ƙerawa a Jos.

Waɗannan duk sun shahara, sha'awa ta zame musu kamfani. Mafi yawan masu yi ba su kai nan ba, ba su ma nema ba. Su nasu jagoran wani malamin makaranta ne, Ron Champion, wanda ya koyar da aikin mota a makarantar Oundle. A 1996 kamfanin Haynes ya buga littafinsa da ke cewa mutum zai iya ƙera motar gudu da kuɗin da bai wuce fam 250 ba. Motar, wadda ake kira Locost, kamanninta na Lotus Seven ne, wadda Chapman ya fitar a 1957: kujera biyu, ba ƙofa, ba rufi, nauyinta ya ɗan ɗara rabin tan. Fam 250 ɗin nan dai kusan tatsuniya ce, yawancin masu yi dubbai suke kashewa. Amma littafin ya miƙa wa mutumin da bai taɓa riƙe abin walda ba zane da awo, ya ce masa bismilla.

Aikin ba da ƙarfe yake farawa ba, da tebur yake farawa. Ana neman katako mai kauri a shimfiɗa shi sumul, a auna a tabbatar babu tudu babu kwari, domin duk karkatar da ke jikin teburin sai ta shiga jikin motar ta zauna har abada. A ja layi a tsakiya, a zana ƙasan ƙashin, a kakkafa 'yan guntayen katako da za su riƙe kowane bututu a mazauninsa. Bututun mai kusurwa huɗu ne, faɗinsa milimita 25, kaurin bangonsa milimita 1.6. Yankan shi ne jarrabawar farko. Bututu da yawa sukan haɗu da juna a karkace ta fuska biyu lokaci guda, kuma dole bakin ya zauna daram. Idan aka bar giɓi aka ce walda za ta cike, za ta cike ɗin, amma sai ta rama.

Ramuwar ita ce abin da ke raba gwani da ɗan koyo. Ƙarfen da aka narka yana tsukewa idan ya huce, sai ya jawo bututun zuwa ɓangaren da aka yi waldar. Wanda ya fara daga gaba ya bi da walda har baya a gefe ɗaya, da safe zai tarar ƙashin ya bauɗe. Don haka ɗiso-ɗiso ake fara yi, a ɗan ɗana kowane mahaɗi har a haɗa ƙashin duka, sannan a ɗauki tef a auna daga kusurwar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, a sake aunawa ta ɗaya gicciyen. In awon biyu ya zo ɗaya, abu ya tsaya daidai. Sai a shiga cikakkiyar walda ana tsallake-tsallake: nan kaɗan, can kishiyarsa kaɗan, a bari ya huce, a sake awo. Ja ɗaya yana kashe ja ɗaya. Wannan aiki ba ya son gaggawa, kuma a nan ne mai albashi yake da wata gata da ƙwararren mai walda na kasuwa ba shi da ita. Babu mai kaya da ke tsaye a kansa yana duba agogo. Idan mahaɗi bai yi masa ba, sai ya yanke ya sake, ko da zai ci masa Asabar guda.

Injin, giyabos, birki da akasarin wayoyi daga tsohuwar mota ake ciro su. A littafin Champion Ford Escort ce mai ja da tayoyin baya. Da ta yi wuyar samu aka koma Sierra, daga baya Mazda MX-5. Mai hankali yakan manna wa kowace waya takarda kafin ya cire ta, domin bayan shekara biyu babu abin da zai tuna.

Inda lissafi ya fi tsauri shi ne ƙafafun gaba. Kowace taya tana rataye da hannuwa biyu, na sama da na ƙasa, kuma kunnuwan da ke riƙe su a jikin ƙashi, kuskuren 'yan milimita a wurin kafa su yana canza halin motar. Sandar sitiyari ma dole gaɓarta ta yi daidai da layin da hannuwan ke lilo a kai. In ta sauka ko ta hau, duk lokacin da taya ta faɗa rami sai ta ɗan juya da kanta, direba bai taɓa komai ba. A gudun kilomita 100 wannan ba wasa ba ne. Masu yi sukan cire sifirin, su ɗaga tayar sama da ƙasa da jak suna duban ko bakinta na kaucewa, su sa ɗan ƙarfe a ƙarƙashin sandar, su sake gwadawa. Daidaita tayoyi huɗu kuma da zare ake yi, a ɗaure shi gefe da gefe a riƙa aunawa da rula.

A nan sana'ar rana take shigowa, kowa da inda ya fi ƙarfi da inda yake ɗingishi. Mai aikin famfo bututun birki da na mai ba sa ba shi tsoro. Ma'aikacin kwamfuta zai zana komai a allo kafin ya yanka ƙarfe ɗaya, ya kuma haɗa wa injin ƙwaƙwalwar da ke auna masa mai da hannunsa. Akwai MegaSquirt, wadda Bruce Bowling da Al Grippo suka tsara don irin waɗannan mutane, ana sayenta a warwatse a haɗa a gida. Amma waldar farko ta ma'aikacin kwamfutar sai a hankali. Mai walda kuma zai gama ƙashi cikin 'yan makonni, sannan ya tsaya wata da watanni yana kallon tarin wayoyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa musaya ta yi yawa a tsakaninsu: ka gyara mini wayarin, in ɗinke maka salansa. Duk da haka motoci da yawa ba sa ƙarewa. Haihuwa ta zo, ko canjin wurin aiki, sai ka ga tallar ƙashi da kwalayen kaya ana neman mai ƙarasawa. Wadda ta ƙare ma, in aka sayar, da wuya ta mayar da kuɗin kayanta, balle ladan hannu.

Kafin ta hau titi a Birtaniya sai ta ci jarrabawar da ake kira IVA, wadda ta maye gurbin SVA a 2009. Jami'i zai ɗora ta a kan na'ura ya tabbatar birkin baya ba ya riga na gaba kamawa, ya auna ƙara da hayaƙi, ya duba inda aka ɗaure bel, da tsayin fitilu, da gaskiyar agogon gudu. Yana da wata ƙwallo mai faɗin milimita 100 da yake bi da ita jikin motar. Duk gefen da ta taɓa dole ya zama a dasashe, lanƙwasarsa ba ta gaza milimita 2.5 ba, don kada ya yanki mai tafiya a ƙasa. Saboda wannan ƙwallo za ka ga kan notuna sanye da hulunan roba. Sannan zai tuƙa ta ya ga ko sitiyari yana neman komawa tsakiya da kansa bayan an sha kwana. Locost da yawa a nan suke faɗuwa. Maganin shi ne a ɗan tura gaɓar hannun sama baya, ta yadda layin da taya ke juyawa a kai zai jingina, irin jinginar ƙahon keke. Wani sai ya ƙera sababbin hannuwa biyu, ya sake biyan kuɗin jarrabawa, ya kuma nemi hutun kwana ɗaya a wurin aiki don ya mayar da ita a kan tirela.